Titin da Fastoci Suka Raba

Ranar da ƙungiyoyin nan biyu suka haɗa kai ina wurin, don ni na ɗinka labulen da suka rataya a bayan bagade. Dukansu aikinsu ɗaya, dasa ikilisiyoyi a unguwannin da babu. Waƙoƙinsu ɗaya, koyarwarsu ɗaya, amma sun daɗe suna harare-harare saboda satar membobi. Ran nan Fasto Dogo na ƙungiyarmu ya durƙusa ya wanke ƙafafun Fasto Mai Tabarau na ɗaya ƙungiyar, shi ma ya wanke nasa, mata suka yi ta share hawaye. Daga nan suka raba garin da babban titi: gabas tamu, yamma tasu. Ba mai tsallakawa ya yi hidima a gonar ɗan'uwansa, ba kuma mai taɓa tunkiyar wani. Na yi tafi har hannuna ya yi zafi.

Babana kafinta ne. A shagonsa ikilisiyarmu ta fara, mutane suna zama a kan katakon da bai gama gogewa ba, kuma duk bencin da ke majami'ar yau aikin hannunsa ne. Da ciwo ya kwantar da shi na ɗauko shi zuwa gidana, ni da mijina, muka ba shi ɗakin da nake ɗinki. Gidana kuwa yana yamma da titi. Daga tagar ɗakin kana hango rufin majami'armu.

Baba bai nemi komai ba sai abu ɗaya.

"'Yata, ki gaya wa Fasto ya kawo mini jibin Ubangiji. Ina so in ci kafin in tafi."

Na tsallaka na sami Fasto Dogo a ofis. Ya tashi, ya ba ni kujera, ya tambayi jikin Baba har idonsa ya kawo ruwa. Da na faɗi saƙon sai ya fara murza hannuwa.

"'Yar'uwa, gidanki a gonar 'yan'uwanmu yake. In aka gan ni da ƙoƙo a can, za a ce mun karya alkawari tun bai yi ƙwari ba. Ki je wurin Fasto Mai Tabarau, mutumin kirki ne ƙwarai."

Mutumin kirki ne kam. Har ruwan sanyi ya sa aka kawo mini. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Mama, tsohon nan tunkiyar ɗan'uwana ce. In na ba shi jibi, me ya raba ni da ɓarawo, bayan mun yi alkawarin daina sata? Bari in kira shi mu yi shawara."

Suka yi shawara. Shawarar ta haifi kwamiti, kwamitin ya buɗe da addu'a, ya rufe da addu'a, ya ɗage zama. Ban taɓa ganin mutanen da suke girmama juna irin waɗannan ba. Kowa yana tsoron taka ƙafar da ya wanke.

Shi kuwa Baba, kowace safiya sai ya sa na saka masa farar rigarsa ta zuwa sujada, na ɓalla maɓallan har wuya. Ba ya karyawa, don shi tun yana saurayi ba ya cin komai kafin jibi. Haka zai jingina da bango kusa da keken ɗinkina yana kallon ƙofa har rana ta take, sannan ya yarda in ba shi ɗan abin da zai iya haɗiya. In babur ya tsaya a waje sai ya gyara wuyan riga.

Mijina ya ce mu ɗora shi a kujera mu tsallaka da shi, a ba shi ko a rumfar mai faci ne. Mun gwada. Muna ɗaga shi ya yi wata ƙara da har yau nake ji a kunnena, muka mayar da shi. Na koma wurin Dogo, wannan karon ban zauna ba.

"Fasto, titi ne fa, ba teku ba. 'Ya'yanka suna tsallaka shi kullum su sayo burodi."

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. An kusa. Abin da Allah zai yi a nan zai zama shaida."

Abin da kwamiti ya yanke shi ne su zo tare, su biyun, ɗaya ya riƙe gurasa ɗaya ya riƙe ƙoƙo, don duniya ta ga haɗin kai. Sai dai a jira ranar da dukansu ba su da taro.

Sun zo kuwa. Da hantsi, cikin kwat, kafaɗa da kafaɗa, wani dattijon kwamiti a bayansu ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Suka yi sallama da fara'a. Suka tarar da katifa a naɗe a jikin bango, ni kuma ina goge farar rigar da za a sa wa Baba. Da asuba ya cika, da azuminsa a baki.

Dogo ya yi kuka, ba zan yi masa ƙarya ba. Mai Tabarau ya yi addu'a mai tsawo, ya ambaci ɗayantakar jikin Almasihu har na gaji da ƙirgawa. Ban ce amin ba. Raina ya ɓaci har ba na iya kuka.

Suna shirin fita na ji Mai Tabarau ya rage murya ya ce wa ɗan'uwansa, "Af, makabartar a gefen wa take?"

Dogo ya tsaya yana tunani. Wallahi tunani yake yi.

Na ajiye dutsen guga. Na shimfiɗa rigar a kan tebur, na ɗauko babban almakashina na ɗora a kanta, na tura musu.

"Ga ta nan, Fastoci. Ku raba daidai, kowa ya binne gefensa."

Ba wanda ya miƙa hannu. Gurasar tana hannun ɗaya, ƙoƙon yana hannun ɗaya, har yanzu a rufe da farin ƙyalle.