Askin Ango

"Ja ka gani," in ji Anti, ta sunkuyo mini da kanta. "Kada ka ji tsoro, ba ya cizo."

Na kama ɗan gashi da yatsu biyu. Ban ma ja ba, ya biyo hannuna kamar jiƙaƙƙiyar auduga.

A tsakar gidanta muke, tana zaune a kujerar keken ɗinkinta, ɗankwali a cinya, Ummata na tsaye riƙe da hannun yarinyarta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tun da na bar makaranta na shiga gareji na gudu, na yi kwandasta na gudu, na sayar da caja a bakin titi na gaji. Duk layinmu Anti ce kaɗai ba ta taɓa ce mini ɗan iska ba, Sarkin Yawo take kirana. Da na buɗe rumfar aski a bakin layi, ita ta ɗinka mini mayafin da nake ɗaura wa mutane a wuya.

Kullum gashi nake sharewa, na san wanda yake zuba don lokacinsa ya yi: 'yan silalla a mataji, 'yan kaɗan a matashi, wani na tsirowa a gurbinsu. Wannan ba shi ba ne. Akwai fili ɗaya bayan kunnenta na hagu, ɗaya a tsakiyar kai, wani babba a ƙeya, fatar ta yi ja tana sheƙi. Girarta ma ta fara tafiya. Kumatunta sun yi wasu ƙuraje tun daga wannan gefe har wancan.

"Maigidan ya ce na haihuwa ne," in ji Anti.

"Wace haihuwar?" in ji Umma. "Ni ma na zubar lokacin da na haifi wannan marar zaman, amma kafin ya fara tafiya kaina ya cika. Ke ga 'yarki tana gudu. Kuma zubar haihuwa ba ta kumbura ƙafa."

"Ku gaya wa Ango. Ni bakina ya gaji." Ta dube ni. "Kwashe sauran kawai, Sarkin Yawo. Na gaji da tsince shi a abinci ana yi mini faɗa."

Mijinta takalma yake sayarwa. Ango ake ce masa don kullum kamar ranar aurensa ce: guga, turare, ga sumar nan baƙa wuluk da rini, ba ya sa hula don kada ta kwanta. Ina cikin askin ya shigo. Kallo ɗaya ya yi mata ya juya ga bango, kamar ya ga mushe.

"Rufe kanki, don Allah."

"Ka duba dai," in ji ta. "Sau ɗaya."

"Na ce ki rufe."

Umma ta ce a kai ta asibiti. Ya yi dariya yana kallon takalminsa.

"Asibiti saboda gashi, Baba? A ji matar Ango ta yi sanƙo har gari ya ɗauka? Ba komai ba ne, kowa gashinsa yana zuba. Na kawo mata mai ai, mai kyau. Ita ce ba ta shafawa."

"Yallaɓai, wannan ba na mai ba ne," na ce.

"Kai kuma yaushe ka zama likita? Gama ka fita."

Ya shige ɗaki. Anti ta tattara gashin da kanta daga ƙasa, yatsunta ba sa lanƙwasuwa sosai, ta ƙulle shi a ɗankwalin ta miƙo mini.

"Ka yar da shi nesa, kada ya gani ya kasa cin abinci." Ta yi 'yar dariya. "Ka san abin da nake so? Ba ma asibitin ba. Ya kalli kan nan sau ɗaya kawai, ya san me nake kwana da shi."

Ban yar ba. Na jefa ƙullin a durowar rumfa, ƙarƙashin almakashi.

Daga nan ta katanga nake jin ciwonta. Keken ɗinkin ya fara yin shiru da rana, sannan ya daina gaba ɗaya. Ango ya koma kwana a falo. Ba za ta fita ba sai da izininsa, shi kuma izinin kullum sai gobe. Da safe ya wuce ta gaban rumfata yana gyara suma a gilashin motar mutane, ni kuwa in bi wuyansa da kallo ina wasa reza.

Ranar da ta kasa tashi daga banɗaki, Umma ba ta nemi izinin kowa ba. Na tare mota, muka cicciɓe ta. Ba nauyi sai a ƙafafu. Likitar ta zare hular da ke kanta, ta daɗe tana dubawa, ta tambayi tun yaushe. Umma ta faɗa mata. Likitar ta ce ciwo ne da jiki ke faɗa da kansa, gashin shi ne ya fara kawo ƙara, yanzu ya kai ga ƙoda. Ta ce ana rayuwa da shi in an zo da wuri.

Ango ya zo da yamma da lemo a leda. Daga bakin ƙofa ya ce wa nas, "A ɗan rufe mata kai tukuna." Sai da aka rufe ya shiga.

Ta ɗan kwana biyu a can. Zuwana na ƙarshe ta buɗe ido ta ce, "Sarkin Yawo, wa ka bar wa rumfa? Ka koma, kada ka sake gudu." Washegari da hantsi ta cika, Umma na riƙe da hannunta. Yarinyar ta dawo gidanmu da kayanta a jaka.

Masu gaisuwa sun yi ta cewa Ango ya yi haƙuri, ciwo ya zo farat ɗaya. Shi ma haka yake cewa.

Bayan an watse, wata safiya sai ga shi a rumfata. Furfura ta leƙo a gindin sumar.

"Ɗan rage mini gefe, ka sa rini. Mutane na ta zuwa, kada in yi kama da marar gata."

"Zauna, Yallaɓai."

Na ɗaura masa mayafin da ta ɗinka. Na juya kujerar ta ba madubi baya, na ce haske ya fi a nan. Akwai mutum biyu a benci suna jiran layi. Na cire matajin bakin injin aski na ajiye.

Bayan kunnen hagu na fara. Sannan tsakiyar kai. Na ƙeyar na ɗauki lokaci a kansa, don nata ba zagayayye ba ne, ya ɗan ja zuwa dama. Shi yana ta ba ni labarin takalman da suka maƙale a hanya. Na benci suka zuba ido. Da na zo kan gira ya ɗan motsa.

"Me kake yi a nan?"

"Gyara."

Na juya kujerar, na ɗauki ƙaramin madubi na riƙe masa ta baya.

Ya ƙura wa madubin ido. Hannunsa ya fito daga mayafi ya taɓa filin tsakiya, ya janye kamar ya taɓa wuta.

"Ka haukace?"

"Ba komai ba ne, Yallaɓai. Kowa gashinsa yana zuba."

Marin ya same ni a kunne, na daki katako. Ɗaya daga na benci ya riƙe shi. Ya yi ta zagina, ya zagi Umma, ya ce sai ya sa an tashi rumfar nan, sai na kwana a bayan kanta. Na ce to. Amma yana zagin yana kallon madubi, ya kasa ɗauke ido.

"A nan nata yake," na ce. "Nan, da nan, da nan. Sai dai nata yana ciwo."

Ya leƙa waje. Layi cike da mutane, masu zuwa kasuwa, 'yan makaranta. Ya koma ya zauna, muryarsa ta sauka.

"Ba ni abin da zan rufe."

Na jawo durowa na ɗora masa ƙullin a cinya. Ya san ɗankwalin, shuɗi mai ɗigon fari. Ya kwance shi da sauri don ya yafa, gashinta ya zube a kan mayafin, ja-ja, marar ƙarfi, ya gauraya da nasa baƙi.

Na benci suka tashi suka fita ɗaya bayan ɗaya. Na kashe injin. Fankar rumfa na juyawa, tana ɗaga silallan a hankali daga cinyarsa, shi kuma yana zaune da ɗankwalin a hannu, bai kai shi kansa ba.