Shekarun Cikin Rijiya

Barmo da Nomau ƴan uba ne, kuma rana ɗaya aka haife su, da hantsi, a tsakiyar noman fari, lokacin da kowa yake gona. Da aka dawo aka tarar da jarirai biyu a ɗakuna biyu, kowace uwa tana cewa nata ne ya fara kuka. Uban ya yi dariya, ya yanka raguna biyu, ya bar maganar a nan. Haka suka girma a ƙauyensu na kusa da Cadawa, ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa Yaya, har furfura ta cim musu.

Abin bai dami kowa ba muddin babban wansu, Alhaji Tala, yana da rai, don shi ke riƙe da gandu. Da ya rasu bayan girbi, sai tsohuwar magana ta dawo sabuwa, tun da gandu sai babba. Mai gari ya ce su daidaita kafin ruwan shuka, in ba haka ba ya aiko a auna gona a ba kowa nasa. Barmo ya san abin da rabon zai haifar. Gonar da ke ciyar da gida a dunƙule, in aka yanyanka ta, kowa zai tashi da abin da bai wuce wurin ɗaure awaki ba, ƙarshenta a sayar, samarin gidan su watse.

Shi Barmo ba riƙon gandu ne a gabansa ba. Maginin rijiya ne, rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta, ya fi jin maganar yashi da ta mutane. Nomau kuwa mutumin sama ne. Tun kafin zuwan lasifika shi ke hawa kan masallaci ya kira salla, da aka kafa tankin ruwa na gari kuma shi aka ba kula da shi, kullum yana bisa. Ya iya lallashi, ya iya rabon hatsi. Barmo ya san Nomau ya fi shi cancanta. Abin da ya ɗaure shi ɗaya ne. Uwarsa Dija, a ciwon ajalinta, ta riƙe hannunsa ta ce, "Kai ka riga hitowa. Kada ka bari a maishe ni maƙaryaciya." Duk lokacin da ya buɗe baki zai sallama, sai ya ji riƙon nan a hannunsa.

Wata Juma'a Hamdiya, ɗiyar marigayi Alhaji Tala, wadda ke koyar da kimiyya a lakol, wato makarantar boko, a Agye, ta zo gaida shi. Ta same shi a inuwar itacen bedi kan gadon igiya, goron da ya ajiye a gefe ya gangaro ya tsaya a cinyarsa.

"Malama," ya ce da zolaya, "wai mi kike koya ma ɗiyan mutane da har gwamnati ke biyanki?"

"Abin da goronka ya yi yanzu, Baba. Wa ya jawo shi?"

"Ba kowa. Gado ne ya lotsa."

"To haka sarari yake. Duk abu mai nauyi yana lotsa shi, kamar yadda ka lotsa gadon ga. Rana ta lotsa shi, duniya ke bin gangaren tana kewaya. Duniya ita ma ta lotsa shi, shi ya sa guga ke faɗawa rijiya."

Barmo ya mayar da goron gefe, ya sake gangarowa. Wannan ya shige shi.

"Kuma ba sarari kaɗai ba," in ji ta, "har lokaci. Inda lotsawar ta fi zurfi, lokaci ya fi tafiyar hawainiya. Agogon da ke ƙasa yana baya da wanda ke sama. An auna an gani."

Ya daina tauna. "Na gindin rijiya fa, da na bisa tanki?"

"Na rijiya ke baya. Amma Baba, ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ko ka tara na duk shekarunka, bai kai ƙiftawar ido ba, ko kusa."

Ya ce ya ji. Ya tambaye ta lafiyar yara, ya ba ta gyaɗa ta tafi da ita.

Ranar da aka taru a zauren mai gari bayan la'asar, an riga an kawo igiyar awo an ajiye a gefe. Barmo ya aika aka kira Hamdiya, ta zauna daga bakin ƙofa. Kafin kowa ya yi magana ya gyara murya.

"Ranka shi daɗe, uwata ba ta yi ƙarya ba. Ni na riga hitowa."

Nomau ya sunkuyar da kai. Wasu suka fara kallon igiya.

"Amma ina da tambaya ga mai ilimi. Hamdiya, tsakaninki da Allah, lokacin gindin rijiya da na bisa tanki, wanne ya hi sauri?"

Hamdiya ta dube shi. Ta gane inda ya dosa, ta kuma ga yadda ya auna tambayar daidai abin da za ta iya amsawa ba tare da ta yi ƙarya ba.

"Na bisa tanki," ta ce.

"To kun ji. Na riga shi zuwa, sai na shige rami, shi ya hau sama, can ya wuce ni." Ya juya ga ɗan'uwansa. Kalmar ta yi masa nauyi a baki, amma ta fita. "Yaya, ga gandunka."

Wani dattijo ya ce ikon Allah ya fi gaban mamaki. Mai gari, wanda shi ma ba son rabon yake ba, bai nemi ƙarin bayani ba. Ya sa aka ɗauke igiya, aka shafa fatiha.

A hanyar gida Barmo da Nomau suka bi ta gefen gonar, an share ta tana jiran ruwa. Barmo ya ji ƙirjinsa sakayau, irin yadda yake ji in an jawo shi daga rami ya shaƙi iska.

"Ni ma Hamdiya ta taɓa yi mini bayanin nan," Nomau ya ce yana kallon gabansa. "Ko ƙiftawar ido bai kai ba."

"Na sani."

Nomau ya tsaya, ya goge ido da bakin rawaninsa. Da suka isa ƙofar gida ya ja da baya, ya ƙi shiga sai da Barmo ya shiga.