Matar Mai Kifi

A asibitin unguwarsu akwai wata doka da mata suka haddace fiye da lambar katinsu: wadda ta zo awon ciki da mijinta ba ta bin layi. Saboda wannan dokar Maman Lele ta yi kwana uku tana lallashin mijinta ya raka ta. Da ta san abin da rakiyar za ta haifar, da ta gwammace ta yini a kan benci ƙafafunta suna kumbura.

Ba gaggawar banza take yi ba. 'Yarta ta fari, wadda suke kira Lele, shekararta huɗu, ƙafafunta sun lanƙwashe kamar baka, in tana gudu sai ta riƙa tangaɗi. Likitan yaran da ke duba ta ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa ƙashin yarinyar bai samu isasshen bitamin D ba, kuma mai yiwuwa tun daga ciki abin ya faro. Ya ce in ta sake samun ciki kada ta yi wasa: ta ci kifi mai maiƙo da ƙwai, ta riƙa shan rana, in waɗannan ba su samu ba ta nemi ƙwayar bitamin ɗin a wurin awo. Maganar ta zauna mata a ƙirji kamar dutse. Yanzu ga wani cikin ya kai wata huɗu, ga shi ta ji cewa asibitin na raba ƙwayar kyauta ga masu cikin da abincinsu bai wadatar ba.

Mijinta mai sayar da kifin ƙanƙara ne a can cikin kasuwa, a wani lungu mai rufin kwano inda ake kunna ƙwan lantarki da tsakar rana. Shi yana bakin shago yana ciniki da ba'a, ita tana ciki tsakanin firiza biyu tana kankare kifi tana yankawa. Tana shiga kafin rana ta ɗaga, ba ta fitowa sai ta yi ja. Tun da cikin nan ya shiga kuwa, ƙarnin kifi ya zama abokin gabarta. Da ƙyalle ɗaure a hanci take aiki, balle a ce ta kai shi baki. Ƙwai ma haka, madara ma haka. Shayi ba madara da busasshen burodi su ne suka riƙe ta.

Ranar awon mijin ya sha farar riga, ya fesa turare har ƙudajen ƙofar asibiti suka ba shi hanya. Nan da nan aka kira su. Malamar awo, wata doguwa mai tabarau, tana ɗaga kai ta washe baki.

"A'a, Mai Kifi! Ashe iyalinka ce?"

"Ita ce, Malama. Yaya wancan na shekaranjiya?"

"Wallahi yara har ƙaya suka tsotse."

Ta jawo wata takarda mai layuka da ƙananan akwatuna, ta gyara biro. Ƙofar ofishin a buɗe take, a bencin farko kuma akwai mata biyu da ke sayen kifi a wurinsa. Ya gan su, sun gan shi.

"Sau nawa take cin kifi a mako?" in ji malamar, idonta a kansa.

Maman Lele ta buɗe baki, amma ya riga ta.

"Haba Malama, wannan ai tambaya ce? A gidana ko kyanwa ta gaji da kifi. Rubuta kullum."

"Ƙwai fa?"

"Safe da yamma."

"Madara?"

"Gwangwani ba ya kwana uku."

"Tana samun fita rana?"

"A kasuwa fa take yini, Malama."

Biro yana ta tsalle daga akwati zuwa akwati. Ita kuwa tana zaune, hannu a kan ciki, kunya ta ɗaure mata harshe. Ta ce ƙarya yake yi a gaban abokan cinikinsa? Ta ce matar mai kifi burodi take ci? Tun tana yarinya aka koya mata cewa rufin asirin miji rufin asirinta ne. Ta sunkuyar da kai tana jiran a juyo kanta, ba a juyo ba. Malamar ta haɗa makin, ta ce masha Allah, da duk mata haka suke da an huta, wannan ba ta cikin masu buƙata. Ta miƙa masa takardar ya sa hannu.

Suna fita bakin titi ta tare shi.

"Baban Lele, yaushe rabon da ka ga na ci kifi?"

"To ina hana ki ne? Ga shi nan jibge, ke kika ƙi."

"Ba ƙi na yi ba, cikin ne ba ya karɓa. Kai ma ka sani."

"Sai in tsaya gaban jama'a in ce matata ba ta iya cin kifina? Gobe wa zai saya?"

Ta ce to, tunda ya toshe na kyauta, ga kantin magani can, ya saya mata. Ya dube ta kamar ta yi saɓo. Asibiti da kansu, masu ilimin abin, sun auna sun ce ba ta buƙata, ita wace ce? Ƙafar Lele kuma gado ne, kakarsa ma haka ta yi tafiyarta har ta shekara casa'in. Wato ƙaryar da ya yi da bakinsa minti goma da suka wuce, yanzu ta zama fatawar likitoci, har yana kafa hujja da ita. Ta bi bayansa suka koma shago.

Bayan mako biyu ta koma ita kaɗai. Wannan karon ta bi layi tun safe har azahar. Da aka kira ta, ta tura ƙofar a hankali ta rage murya, ta yi bayani tiryan-tiryan: laulayi, ƙarni, lungun da rana ba ta leƙawa, da abin da likitan yara ya ce. Malamar tana jin ta tana jera katuna.

"Baiwar Allah, an riga an shigar da takardarki. Mijinki ya sa hannu."

"Ai ba shi ke da cikin ba, Malama."

Malamar ta sauke tabarau ta dube ta sama da ƙasa.

"Kin san matsalarku? Da kun ji ana raba abin kyauta sai kowa ta zama marar lafiya. Akwai matan da ko ƙashin kifi ba sa gani a wata, su aka kawo wa. Ke kina kwana cikin kifi kina tashi cikin kifi, ki zo ki ƙwace na bakinsu? Ki ji tsoron Allah mana. Mai bi mata!"

Ta fito kunnuwanta suna zafi. An ce mata maƙaryaciya, an ce mata mai kwaɗayi, duk a numfashi ɗaya, kuma wai ita ce za ta ji tsoron Allah. Wanda ya shirga ƙaryar yana can yana yi wa mutane ba'a, ko a jikinsa, ita da ta faɗi gaskiya ita aka kora.

Makonni huɗu suka ƙara wucewa. Ƙugunta ya fara ciwo, in ta daɗe a tsaye sai ta dafa firiza kafin ta iya juyawa. Ko laifin rashin bitamin ne ko nauyin ciki ne, ba ta sani ba, kuma rashin sanin ya fi ciwon cin rai. Duk motsin da ɗan cikin ya yi sai ta tuna cewa yanzu ne ake gina ƙashinsa, kuma ginin ba ya jiran kowa. Yayarta, da ke riƙe mata Lele da rana, ta ba ta shawara.

"Ki ɗauki yarinyar nan ki tsayar musu a tsakiyar ofis, ki ɗage mata riga su ga ƙafar. Gani ya kori ji."

"A'a, Yaya. 'Yata ba abin nuni ba ce. Kallon da ake mata a titi ya ishe ta."

Amma karin maganar ya bi ta har gida. Gani ya kori ji. To, za su gani.

Ranar awonta na gaba ta roƙi maƙwabciyarta ta soya mata gunduwa ɗaya ta kifi mai maiƙo, daga mafi kyawun da ke shagon. Ta sa a 'yar roba mai murfi, ta naɗe da leda biyu. Ta ɗauki ƙaramin bokiti da tsumma da gorar ruwa, don ba ta da niyyar ɗora wa mai sharar asibiti aikin da ba laifinta ba. A hanya ta tsaya sau biyu tana tunanin komawa. Ta san kafin la'asar labari zai kai kasuwa, ta san kuma fuskar da za ta tarar a shago. Ta auna fushinsa da ƙafar ɗan da ba ta gani ba tukuna, ta ci gaba da tafiya.

Benci ya cika maƙil, har da ɗaya daga cikin matan nan masu sayen kifi. Da aka kira ta, ba ta rufe ƙofa ba. Ta ajiye bokitin a gaban kujera, ta zauna, ta ɗora robar a kan teburin malamar.

"Mene ne wannan kuma? Ba ma karɓar komai a nan."

"Ba naki ba ne, Malama, nawa ne. Takardarki ta ce kullum ina cin kifi. Na zo in ci na yau a gabanki."

Ta buɗe murfin. Ƙamshin da zai sa wani haɗiyar miyau ya doki hancinta kamar mari. Idanunta suka kawo ruwa, amma ta gutsura, ta yi bismilla, ta kai baki. Ta tauna sau ɗaya, sau biyu. Ta haɗiye da ƙyar. Matan benci suka miƙo wuya.

Ko minti ɗaya bai yi a cikinta ba. Ta durƙusa a kan bokitin, amai ya taho tun daga ƙasan hanjinta, ya kwaso shayin safe da burodin duka. Ta yi ta yunƙuri har babu sauran abin fitarwa, gumi ya jiƙa mata wuya. Wata dattijuwa da ta rako jikarta ta shigo da sauri ta riƙe mata kafaɗa tana shafa bayanta tana cewa sannu 'yar nan, sannu. Malamar ta miƙe tsaye, biro a hannu, ta rasa inda za ta sa kanta.

Maman Lele ta kurkure baki, ta goge fuska, ta rufe bokitin da tsumma. Sannan ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya yadda bencin ƙarshe zai ji.

"Kifin mijina lafiyarsa ƙalau, ku ci gaba da saye. Ni ce ba na iya ci. Watana shida ke nan. Ƙwai ma haka, in akwai mai shakka a kawo in gwada."

Wata ta tuntsire da dariya, wata ta ce kai, a ba ta abinta mana, wannan wane irin zalunci ne. Dattijuwar ta dubi malamar ta ce, "'Yata, sai ta amayar da ɗan za ki yarda?"

Malamar ta zauna. Ta jawo aljihun tebur ta fito da sabuwar takarda, ta fara daga layin farko, murya ƙasa-ƙasa. Kifi? Ko sau ɗaya. Ƙwai? Babu. Madara? Babu. Rana? Sai ranar da ta zo awo. Ta haɗa makin, bai kai ko'ina ba. Ta tashi ta buɗe kabad, ta ɗauko 'yar farar kwalba da ba ta fi tsawon yatsa ba, ta ajiye a gabanta. Ƙwaya ɗaya kullum bayan ta ci wani abu, kada ta ƙara a kan haka, kuma ta samu ko ɗan lokaci ne ta riƙa fitowa rana.

Maman Lele ta ɗauki kwalbar ta juya ta a tafin hannu. A kan wannan 'yar abar aka cinye mata mako shida. Ba ta ji daɗin nasara ba, haushi ne kawai ya ƙara taso mata. Ta sa ta a jaka, ta sunkuya ta ɗauki bokitinta.

Malamar, da ke neman inda za ta sauke kunyarta, ta yi gyaran murya.

"Ke ma dai da laifinki. Da tun ranar farko kin buɗe baki kin faɗa, da duk ba a kai ga wannan ba."

Maman Lele ta tsaya a bakin ƙofa, ta juyo.

"Malama, ranar farko a kan kujerar nan nake zaune, cikin yana jikina. Tambaya goma sha biyu kika yi. Wacce ce a ciki kika yi mini?"