Barcin Baba Mai Katifa

"Ƙara danna ta da kyau, ai ba ta jin zafi," in ji Baba Mai Katifa.

Direban bas ya tashi, ya sake zama da ƙarfi, katifar ta karɓe shi ta maido shi. Matarsa na tsugune tana latsa gefen da babban yatsa kamar mai zaɓen tumatir. Mai aski, wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da na Baba, yana tsaye a bakin ƙofarsa yana kallo, don kujerarsa ba kowa tun safe. Ya daina lissafin zuwan waɗannan mutanen biyu.

"Tana da kyau," matar ta ce.

"Kyau ma kaɗan ne, 'yata. In kika kwanta a kan wannan, mafarkinki ma sai ya yi ƙiba."

Direban ya sosa ƙeya. "Baba, bari mu ga yadda watan nan zai ƙare. An ce za a rage direbobi a wajenmu."

"Wa ya ce?"

"Kowa na faɗa."

"To ni a rediyo na ji, an ce tattalin arziki ya farfaɗo."

"Ya farfaɗo ya bi ta ina?" in ji matar tana kakkaɓe hannu. "Bai biyo ta layinmu ba."

Suka fita suna cewa za su dawo. Baba ya raka su har bakin titi da fara'a, kamar sun kwashe rabin shagon.

Ba wai mutanen layin sun rasa abin kai wa baki ba ne. Masana'antar da aka rufe an sake buɗe rabinta, albashi ya dawo yana zuwa, ko da yake da ɗingishi. Amma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya ja da baya. Kowa ya damƙe hannunsa. Takalmi ya fashe, a ɗinke. Butar shayi ta huje, a liƙe. Mai aski kansa ya ga ta kansa, domin matan layin sun haɗu sun sayi injin aski guda ɗaya suna yawo da shi gida gida. Yanzu ba mai zuwa wajensa sai wanda matarsa ta ɓata wa kai, ya shigo da hula har kunne, in ya cire ka ga kan kamar gonar da fara ta bi.

Baba ne kaɗai bai damƙe ba. Dogon tsoho ne siriri, kullum rigarsa a goge, kuma tun mai aski na rarrafe yake sayar da katifa a wannan shagon. Yakan ce rabin mutanen layin a kan kayansa aka yanke shawarar zuwansu duniya. Ranar da rediyo ya fara maganar farfaɗowa, sai ya tashi ya yi odar wata ƙatuwar katifa mai kauri har gwiwa, ya sa mata suna Giwa, ya shimfiɗe ta a bayan gilashi da ledarta. Shi kuwa a gida, wata tsohuwa yake kwana a kai, mai rami a tsakiya kamar kwano.

Duk mako yana shigowa aski, alhali gashin da ya rage masa bai kai a ɗauko almakashi ba.

"Baba, me zan aske a nan?"

"Ka nema, za ka samu. In ban shigo wajenka ba, kai ba ka shigo wajena ba, wa zai fara?"

Mai aski yakan duƙufa kan ƙeyar. Katifar ɗakinsa ta daɗe da mutuwa, Baba kuma ya sani, don shi ya sayar masa da ita lokacin aurensa.

Baba yana kan kujerar askin ne autarsa ta same shi wata rana. Ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, ta biyo mahaifinta a tsayi, ba ta biyo shi a haƙuri ba.

"Baba, likita ya ce zuciyarka ta gaji. Ka zo ka zauna da mu."

"Likitan nan a kan me yake kwana? Na ga yana tafiya a karkace."

"Ba wasa nake yi ba."

"Wa zai kula da shagon?"

"Wane shago? Wajen hutawar mutane dai." Ta juya ga mai aski. "Yaya, ka zama shaida. In watan nan ya ƙare bai sayar da katifa ko ɗaya ba, zai rufe ya biyo ni."

"Na yarda," in ji Baba, kumfa a haɓarsa. "Ɗakin da kika tanadar mini, ki je ki ba wani haya."

Daga nan mai aski ya rasa sukuni. Yana ganin tsohon yana jan ƙafa in zai ɗaga ƙofar shagon, yana tsayawa ya huta tsakanin makulli da makulli. Ya san in aka kai Baba wancan garin aka zaunar da shi gaban talabijin, ba zai daɗe ba. Wata safiya, da ya ga matarsa ta tashi tana dafe da ƙugu, sai ya ce, "Maman yara, mu sayi katifa."

Shekara guda tana masa mitar katifar nan. Amma jin ya faɗa da bakinsa, sai ta zauna a bakin gadon ta zuba masa ido.

"Yanzu? In firji ya mutu fa?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"In yaran suka kwanta ciwo?"

"Ke ce fa kike cewa bayanki."

"Bayana ya saba. Bari mu ga dai."

Sai da aka kwana biyu ana ja, watan na ta zarcewa, kafin ta yarda da ƙaramar, mai arahar, kuma da sharaɗin ya ce wa Baba a rage.

Da azahar ya rufe shagonsa ya fito, sai ya tarar da taro a gaban gilashin Baba. Tun da aka shiga matsin nan bai ga mutane haka a bakin wani shago ba. Ya kutsa.

Baba ne kwance a kan Giwa. Ya cire ledar ya ninke ta a gefe, ya jera takalmansa a ƙasa, ya ɗora hannuwa a kan ciki. Fuskarsa a sake, bakinsa ɗan buɗe.

"Sabuwar dabarar talla ce," wani ya ce.

"Dubi barci, don Allah. Ko motsi."

"Ni rabon da in yi irin wannan tun kafin kaya su tashi."

Direban bas da matarsa na gaba gaba, hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kama hannun rigar mijinta.

"Mu saya."

"Wacce?"

"Wannan ɗin. In sun kore ka, aƙalla ka samu wajen kwanciya."

Direban ya dubi sama, ya ce to. Ya hango mai aski. "Maƙwabci, kai ne ka saba da shi. Tashe mana shi kafin in canza ra'ayi."

Mai aski ya shiga yana murmushi. "Baba, tashi, kasuwa ta buɗe. Mu biyu ne ma." Ya taɓa kafaɗarsa. Ya sake taɓawa. Ya kama hannun, ya ji shi da sanyi da nauyi. Ya daɗe a tsaye riƙe da shi, yana kallon haɓar da ya aske shekaranjiya.

"Baba ya tafi," ya ce.

"Ya tafi ina?" in ji direban daga bakin ƙofa. Sai kuma ya gane.

Matar direban ta rufe fuska da mayafi ta fara kuka a hankali. Can direban ya sunkuyo kusa da kunnen mai aski.

"Allah ya ji ƙansa. Amma yanzu katifar ta zama ta hannu ke nan, ko?"

Ko fuskarta ba ta buɗe ba, matar ta same shi da gwiwar hannu a haƙarƙari.

Bayan an yi wa Baba sutura an gama karɓar gaisuwa, auta ta buɗe shagon don ta rabu da kayan. Mutanen layin suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ƙasa. Yawanci matashin kai suka saya. Direban ya ɗauki matsakaiciya. Mai aski ya ɗauki ƙaramar, kuma da ya buɗe baki zai yi maganar ragi, matarsa ce ta taka masa ƙafa. Giwa kuwa kowa ya zo sai ya shafa ta ya wuce.

Da yamma auta ta zauna a kan kujerar askin, ta jingina kai, idanunta jawur.

"Yaya, kai ne shaida. Ya sayar ko bai sayar ba?"

Mai aski ya yi tunani. "Masu saye biyu na tsaye a kansa, kuma watan bai ƙare ba."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "To shi ya ci. Dama ya ce ba zai biyo ni ba."

Washegari ta ɗauki hayar wata 'yar ƙaramar mota. Sai da maza huɗu suka taru kafin aka ɗora Giwa a saman, aka ɗaure ta da igiyar shanya ta cikin tagogi. Ta fi motar faɗi, ta zubo ta ko'ina har ta kusa rufe gilashin gaba, dole mai motar ya leƙo da kai ta taga. Mai aski ya ja kullin ƙarshe, ya buga bayan motar da tafin hannu.

Suka tafi a hankali, ana kauce musu. Auta ta fito da hannu ɗaya ta taga ta riƙe gefen katifar, ba ta saki ba har suka sha kwana.