Shafuka Sittin da Uku

"Wa ya taɓa min kwamfuta?"

Ko jaka Tafireta ba ta sauke daga kafaɗa ba ta jefa tambayar. Tun daga bakin ƙofar shagon ta hango fuskar kwamfutar fara fat, shafi ɗaya tal a buɗe a burauza, manhajar shiga intanet. Da safe, da za ta tafi asibiti awon hawan jini, shafuka sittin da uku ta bari jere a sama, kowanne da mai shi.

Ƙanenta ya ɗago daga kan kujerarta yana washe baki. Injiniya ake ce masa, ba don ya taɓa leƙa ajin injiniyanci ba, sai don bai taɓa ganin abu mai waya a jiki ya ƙyale shi lafiya ba.

"Yaya, ai gyara na yi miki. Abin nan jan ƙafa yake kamar mai ciwon gwiwa. Na rufe tarkacen nan duka, na goge tarihi, na share abin da ya tara. Danna ki gani, yanzu gudu yake."

"Ka share me?"

"Komai da komai."

"Har kalmomin sirri?"

Murmushin ya fara tsinkewa. Ya sosa ƙeya. "To, akwai wasu 'yan akwatuna da na yi wa alama..."

"Tashi min daga kujera kafin in manta uwarmu ɗaya."

Shekara ashirin da shida ke nan tana buga wa mutane takardu a wannan layin shaguna. Da tafireta ta fara, shi ya sa sunan ya bi ta har yau da babu ko ɗaya a layin. Malamar da ta koya mata aikin da rula take kaɗa musu yatsu in suka kalli maɓallai ko abin da ke fitowa, ido a kan takardar mai aiki kawai, hannu ya san hanyarsa. Da wannan take taƙama. Tana iya cike fom tun daga suna har sa hannu tana kallon takarda, tana kuma faɗa da mai kawo ruwa, ba ta ɗaga ido ta dubi allo ba.

Da aiki ya koma intanet, sai ta sami abokin aikin da ya dace da ita. Burauzar nan ba ta mantuwa. Ka buga harafi biyu ta ƙarasa maka suna, ka buga lamba ɗaya ta miƙo maka sauran, kai dai danna ka wuce. Kalmar sirrin kowa tana cikinta. Gaskiya ne tana da nata halin: in shafuka suka yi yawa sai ta yi ta nishi, ta sandare ana tsakiyar aiki, ko ta ce sai ta sabunta kanta daidai lokacin da mutum biyar ke tsaye a kanka. Tafireta na zaginta safe da yamma, amma ba ta taɓa rubuta kalmar sirri ko ɗaya a takarda ba. Don me, ga mai riƙewa?

Shafukan masu fansho da na masu neman aiki duk za a iya sake nemo su gobe. Shafi ɗaya ne damuwarta. Fom ɗin 'yarta, Auta, na shiga makarantar koyon aikin jinya, wanda ta cike rabi jiya ta bari a buɗe don jiran hoto. Ƙarfe huɗu na yau za a rufe karɓa, yanzu kuwa biyu saura kwata.

"Kira min ita," ta ce ba ta dubi Injiniya ba. "Tunda hannunka ba ya iya zama, sa shi ya yi abin kirki sau ɗaya."

Auta ta iso da rigar aikinta ta kantin magani, inda take goge ƙura da jera kwalaye tun bara. Ta tsaya a gefen firinta, hoton a hannunta.

"Kalmar sirrinki ta makarantar nan, mece ce?"

"Umma, ai ke kika buɗe min bara. Kin ce kwamfuta ta riƙe."

"Au, ni ce ma mai laifin? Fom naki, karatu naki, amma ko kalma ɗaya ba za ki iya riƙewa a wannan kan ba? Yo dama ina za ki riƙe! Da kina riƙe abu ai da ba mu nan muna maimaita na bara. 'Yar mai ɗinki da kuka zauna jarrabawa tare ga ta can da farar riga, ke kina goge ƙura."

Auta ta sunkuyar da kai. Shekara guda ke nan tana shan wannan gorin, da safe da shayi, da yamma da abinci. Bara ta zauna jarrabawar, ta dawo tana cewa ta yi mata sauƙi, aka ce waɗanda suka ci za a turo musu saƙo a waya su zo ganawa. Aka yi wata, aka yi biyu, wayarta shiru. Tun tana rantsuwa cewa ta yi ƙoƙari har ta daina.

"Yaya," Injiniya ya ce a hankali daga bayan ƙofa, "akwai wurin da ake dannawa in an manta. Za su turo lambobi shida a waya."

"Na tambaye ka?"

Amma ta danna. Haushin ma shi ne yadda shafin ya buɗe nan take, ko numfashi bai ja ba. Aka rubuto cewa an tura lambobin zuwa wayar da ke ƙarewa da 609.

"Duba wayarki."

"Babu komai, Umma."

"Duba da kyau, ba kallon hotuna na ce ki yi ba!"

"Umma, lambata da 214 take ƙarewa."

Tafireta ta matso da fuskarta kusa da allon. 609. Ba tata ba ce, ba ta marigayi mijinta ba ce, ba ta Injiniya ba.

"Wane shashanci kika yi kuma? Lambar wa kika ba su? Ko ta wani saurayin ce?"

"Wallahi Umma ban taɓa fom ɗin ba. A takarda na rubuta miki, ke kika buga."

Tafireta ta zaro wayarta, ta buga lambobin uku a wurin neman suna. Suna ɗaya ya fito: Baba Fansho. Tsohon direban nan da ke zuwa duk wata uku ta sabunta masa takardun fanshonsa, wanda yanzu ke zaune a bakin tashar mota yana sayar da man inji.

Ta kira sau huɗu, bai ɗauka ba. Kunnensa dama sai an yi ihu.

"Kai, zauna a nan," ta ce wa Injiniya. "In na kira ka, ka danna a sake turowa. Abu ɗaya na ce. Ka taɓa wani abin, wallahi sai dai a raba mu."

Biyu da rabi ta shiga motar haya. Direban ya tsaya ɗaukar fasinja a kowane lungu, ya tsaya shan mai, ya tsaya gaisawa da wani abokinsa ta taga. Ta zage shi, ta zagi wanda ya taka mata ƙafa, ta zagi makarantar da ba ta san a rubuto wa mutum takarda kamar yadda ake yi a da ba. A ranta kuwa burauzar take tsine wa. Ita ce, ba shakka ita ce. Duk lambobin masu zuwa shagon da lamba ɗaya suke farawa. Bara ta buga lambar farko, abar ta miƙo wadda ta ga dama, ita kuma ta danna ta wuce. Munafukar na'ura, mai shisshigi, wa ya aike ta?

Sai dai duk yadda ta juya zancen, hannun da ya danna nata ne, idon da ke kan takarda a lokacin ma nata ne. Ta ture tunanin, ta daka wa direban tsawa ya taka mota.

Ta tarar da Baba a kan benci, galan-galan jere a gabansa, yana gyangyaɗi.

"A'a, 'yata! Lafiya? Ko gwamnati ta ce na mutu kuma?"

"Baba, ara min wayarka! Saƙo za a turo!"

"Sako? Me za a sako?"

"Waya, Baba! Wayarka!"

Ya laluba aljihu ya fito da 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure bayanta da roba. "Ga ta. Ni ba na buɗe saƙon nan, rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, kuma duk 'yan damfara ne. Yau ka ci mota, gobe ka ci gida."

Ta kira Injiniya, ya danna. Wayar Baba ta yi ƙara. Ta karanta masa lambobin shida, ta ji ya ce ya shiga, ta ce ya sa sabuwar kalmar sirri ya rubuta ta a takarda, da biro, da manyan baƙi. Har za ta miƙa wa Baba wayarsa, sai ta ga akwai wasu saƙonni a sama daga wuri ɗaya, guda uku, ba a taɓa buɗe su ba.

Na farko, na bara ne. Ana taya Auta murna, da cikakken sunanta, ta ci maki tamanin da ɗaya, ta zo ganawa ranar Talata ƙarfe tara. Na biyu tunatarwa ce. Na uku gajere ne: tunda ba ta halarta ba, an ba wani gurbinta.

Tafireta ta zauna a kan bencin ba tare da an ce ta zauna ba. Ta sake karantawa. Tamanin da ɗaya. 'Yar mai ɗinkin da take yi wa Auta gori da ita, uwarta ta zagaye layin kaf tana shelar sittin da takwas.

"'Yata, jikin ne? In kawo ruwa?"

"A'a, Baba."

Haushi ne ya cika ta har wuya, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don wannan karon babu wanda za ta sauke wa. Ta tuna ranar da ta ce wa yarinyar kuɗin jarrabawar gara da ta zuba a kwata. Ta tuna ranar da ta faɗa a gaban baƙi cewa kan Auta na ado ne. Ta kuma tuna fom ɗin jiya, wanda ta cike rabi, mai ɗauke da bayanan bara yadda suke. Da Injiniya bai yi ɓarnarsa ba, da yau ta liƙa hoto ta tura, da 609 ɗin da komai.

Ta tura saƙonnin uku zuwa wayarta, ta gode wa Baba, ta tare mota.

Huɗu saura minti ashirin ta shigo shagon. Injiniya ya yi zumbur ya ba ta kujera, ya koma can kusa da ƙofa inda gudu zai yi sauƙi. Ta zauna ta fara. Burauzar yanzu ba ta san kowa ba, ba ta miƙo komai, kowane harafi sai an buga mata. Da ta zo akwatin lambar waya ta goge abin da ke ciki, ta ture takardar bayanan Auta gefe.

"Faɗo min lambarki. Ɗaya bayan ɗaya."

Auta na faɗa, ita tana bugawa da yatsa ɗaya, idonta a kan allo, kamar 'yar koyo a makon farko. Ta karanta a bayyane, ta sa Auta ta karanta, ta sa Injiniya ma ya zo ya karanta. Shi da Auta suka kalli juna.

Huɗu saura minti shida ta tura. Wayar Auta ta yi ƙara a aljihun rigar aikinta: an karɓi fom. Wani ɗan akwati ya leƙo a saman burauzar yana tambaya ko a ajiye waɗannan bayanai don gaba. Tafireta ta danna a'a da ƙarfin da ya sa teburin ya motsa.

"Kai, je ka ci abinci," ta ce wa ƙanenta. Ya tsaya yana jiran ragowar faɗan. "Na ce ka je. Ka kyauta."

Ya fita yana waiwaye, bai gane ba.

Auta ta tattara hotunanta da suka rage ta zuba a ambulan. Ta tsaya jim a bakin teburin, tana murza gefen ambulan ɗin.

"Umma," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "bana zan dage, wallahi. Na fara bitar tun watan jiya. Ba zan sake ba ki kunya ba."

Tafireta ta dubi 'yarta, ta dubi rigar kantin maganin da ta koɗe a kafaɗa. Ta buɗe wayarta, ta nemo saƙon farko, ta ajiye a kan teburin, ta juya shi ya fuskanci Auta.

"Ja kujera ki zauna," ta ce. "Karanta wannan tukuna. In kin gama, duk abin da ya zo bakinki ki faɗa min, ba zan katse ki ba."