Gayyar Laraba

Ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba aka buɗe ƙaramin kolej a Dakoro, aka naɗa Mijinyawa dirakta. Gajere ne mai taurin kai, irin wanda in ka nuna masa hanya sai ya tambaye ka wa ya share ta. Nan da nan ya gano ciwon makarantar: malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafe, su haddace, su tashi yadda suka zauna. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Da yake ɗan manoman Kornaka ne, a gona ya samo maganin. Ya ce kowace Laraba za a yi gayya. A sallami sauran azuzuwa da wuri, malamai su ɗauki doguwar kujera su shiga ajin mutum ɗaya, su zauna can baya su ji darasinsa. In an tashi a taru gindin aduwa, mai aji ya kawo fura, kowa ya nuna masa inda ya bar ciyawa.

Kowa ya yarda ban da Mushe Kimba (Mushe, wato Malam da Faransanci), dattijon malami da ke koyarwa tun zamanin Nasara.

"Ni za a duba ma aiki?" in ji shi. "Ɗiyan da na koya ma ƙirga?"

Ya kai ƙara Maradi, wai dirakta na zubar da girman malamai. Ran wata Laraba sai ga ansifekta, mai duba makarantu, fuska ba annuri.

"Mushe dirakta, wanga abu babu shi cikin doka. Ka bar shi, ko kuwa in tura ka Bilma."

Mijinyawa ya tuna tsohuwarsa na Kornaka, ba ta da kowa sai shi, Bilma kuwa tana can ƙuryar Sahara. Amma mai hali ba ya barin halinsa.

"Ranka shi daɗe, yau gonata anka kira ma gayya, an dama hura. Ba a maida gayya gida."

Ya shiga aji ya koyar da rabi da kwata, malamai na baya, ansifekta na tsaye bakin taga, Kimba na gefensa yana taɓe baki. Da aka zo gindin aduwa kowa ya yi gum don tsoron baƙo. Kimba dai ya cika ya batse, har ya kasa daurewa.

"Wanga shi ne darasi? Ka yi ta zuba, ba ka ba yaro ko kara shi karya ba! Na gaba kaɗai kaka tambaya, na baya na gyangyaɗi."

Ya tsinci karan gero ya karya biyu, ya sake karyawa, ya nuna yadda ake yi. Gaskiya ce ya faɗa, ta kuma yi zafi. Mijinyawa ya haɗiye ta, ya miƙa masa ƙwaryar fura.

"Na gode, Mushe. Tunda ka sa hauyarka gonata, dole in rama maka."

Kimba ya tsaya da kara a hannu, ya ga ya shiga gayyar da ya zo rushewa. Ya karɓi furar ya sha. Ansifekta kuwa ya tafi a fusace, kuma ya cika alkawarinsa, aka tura Mijinyawa Bilma.

Ranar tashin ta faɗo Laraba. Mijinyawa na saman babbar motar Maradi tsakanin buhunan gyaɗa, zuciyarsa cike da baƙin ciki. Motar ta bi ta gaban makaranta, sai ya hangi malamai ɗauke da doguwar kujera. Ajin Kimba suka nufa, tsohon na tsaye bakin ƙofa, ƙwaryar fura na ajiye a inuwa.

Mijinyawa ya bubbuga kan mota har ta tsaya, ya dira.

"Mushe, in ka sauka sai wani sati hwa!" in ji mai mota.

"Bilma ta jira," in ji Mijinyawa. "Ina da ramuwar gayya."

Ya karkaɗe wandonsa ya kama gefen kujerar.