Antin Ƙorafi da Kujerar Manaja

A ofis kowa Antin Ƙorafi yake kiranta, har da waɗanda suka girme ta, don ita ce shugabar teburin da ke sauraron kukan masu amfani da manhajar kamfanin, wadda ake kiran mai babur da ita ya kai saƙo daga unguwa zuwa unguwa. Ta daɗe a teburin nan har kujerarta ta lotsa. Da aka buɗe gurbin manajan manhaja, wato mai yanke abin da injiniyoyi za su gina da abin da za a jingine, sai ta nema. A ganinta babu wanda ya kai ta sanin inda ke yi wa jama'a ciwo.

Amsar neman gurbin ta shigo kwamfutarta tana kan waya da wata mata da aka kai maganin mahaifinta gidan da ba nasu ba. Matar na zazzaga masifa, ita kuma tana karantawa: sun gode, sun ɗauki wata daga waje. Ta ba matar haƙuri har ta sauko, ta tura wani mai babur ya karɓo maganin, sannan ta cire abin sauraron waya daga kunnenta ta ajiye.

Washegari ta sami Oga, shugaban kamfanin, a ofishinsa. Ya rufe ƙofa da kansa.

"Anti, kin tuna a ganawar neman aikin mun jera miki matsaloli muka ce ki zaɓi guda?"

"Na tuna, ranka ya daɗe."

"Kika ce duk za a yi."

"Ai duk gaskiya ne. Kowace akwai mutum a bayanta, na ji muryarsa."

"Na sani. Amma injiniyoyin nan hannu bibbiyu gare su. Kujerar nan rabin aikinta cewa a'a ne, ke kuma ba mu ji kin ce ba. Wani gurbin zai buɗe kafin ƙarshen shekara. Ki sake nema."

Ta yi godiya ta fito.

A gida abin ya fi nauyi. Innarta, wadda ke zaune tare da su, tun ranar ganawar ta gama shaida wa maƙwabta cewa 'yarta ta zama manaja. Matar bene na ƙasa har ta fara gaishe ta da "Manaja, an dawo?" Mijinta kuwa malamin tuƙi ne, ya saba ganin masu faɗuwa jarrabawa, sai ya ɗauko irin lallashin da yake musu.

"Wanda ya faɗi a karon farko ya fi iya tuƙi daga baya, na sha gani."

"Baban yara, ni ba ɗalibarka ba ce," ta ce, ta ɗauki kwandon wanki ta bar masa falon.

Makonnin da suka biyo baya ta yi su ne kamar mai zazzaɓin da bai kwantar da ita ba, bai kuma sake ta ba. Ta tashi, ta shirya yara, ta tsaya a cunkushen bas, ta amsa waya, ta dawo. Littattafan da ta saya don shirin ganawar ta tura su ƙarƙashin gado. Ƙarin abin haushi, ita aka ce ta zaunar da wadda aka ɗauka ta nuna mata ƙorafe-ƙorafen jama'a. Wata siririya ce mai tabarau, ba ta kai ta shekaru ba, 'yan ofis suka laƙaba mata Sabuwa. Anti ta so ƙwarai a ce yarinyar ba ta san komai ba. Sai ta tarar ta sani, ga sauraro, ga ladabi, babu ko inda za ka kama ka ji haushinta da hujja.

A taron mako Anti ta kawo maganar saƙon da ake kaiwa gidan da ba shi ba, ta ba da labarin matar nan mai magani. Sabuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ba za a taɓa wannan ba tukuna, za a fara gyara yadda manhajar ke mutuwa a tsofaffin wayoyin masu babur. Bayan an watse Anti ta tare ta a wajen tulun shayi.

"Ƙanwata, maganin mutum fa aka ɓatar."

"Na ji, Anti, kuma ya dame ni. Amma in wayar mai babur ta ɗauke a hanya, da ka yake ƙarasa adireshin. Ina zargin yawancin ɓatan daga nan yake. In na yi kuskure, ni za a tuhuma."

Anti ta juya cokali a kofi. Shekara da shekaru tana jin kukan masu aika saƙo, ba ta taɓa zuwa ta tambayi mai babur ko ɗaya ba.

"Ki koya mini," ta ce. Ba ta ji daɗin faɗinsa ba.

Sabuwa ta ba ta aiki: ta zaɓi matsala guda, ta bi ta har tushe, ta rubuta shafi ɗaya kan dalilin da zai sa a yi ta a bar sauran. Lokacin hutun rana ya koma na tsayuwa a rumfar masu babur bayan ofis, cikin warin fetur, suna nuna mata fasassun wayoyinsu suna tsokanarta wai Anti ta zo neman aikin kai saƙo. Rubutun farko ya dawo mata jajir da gyara. Na biyu ma haka. Ranar da yaran teburinta suka roƙe ta ta sa buƙatarsu a ciki ta ce musu ba wannan karon ba, ɗaya ta yini ba ta yi mata magana ba, ita ma ta koma gida da ciwon kai.

Da gurbin ya buɗe, sai ya zamana na ɓangaren masu shaguna ne, inda ba ta san kowa ba. Ta yi kwanaki tana jujjuya abin, sannan ta tura takardunta.

Ranar hutu da safe suka zauna da mijinta cikin motar koyon tuƙi a inuwar bakin gida, don a ciki yara ba za su bar su ba. Ya riƙe tambayoyin da Sabuwa ta rubuta, ya gyara murya ya zama Oga.

"Malama, masu shago na son abu uku, lokacin abu ɗaya gare ki. Wanne za ki yi?"

Ta fara zagaye-zagaye. Ya taka birkin gefensa duk da motar a tsaye take.

"Ban ji amsa ba."

Dariya ta kuɓuce mata, gajiyayya. Ta zaɓi ɗaya, ta faɗi dalili, ta faɗi abin da za a rasa. Ya gyaɗa kai kamar ya fahimta, ko da yake ta san rabin kalmomin bai san su ba. Suna cikin tambaya ta gaba ɗalibinsa ya iso, wani dattijo, ya tsaya yana leƙen gilashi. Ta tattara takardunta ta ba shi kujerar, ta hau bene a hankali, tana maimaita amsar a ranta, ga wanki na jiranta.